Gyaran injin Fijo 504: matsin baƙin mai nawa ya isa, kuma wane famfo za a sa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da Fijo 504 mai shan fetur, haɗin Kaduna, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a ajiye, yanzu na sa an sauke injin zan gyara shi gaba ɗaya: silib, fistin, ringi, metal, karanshaf kuma za a kai wa tana. Kafin a ajiye ta, danjar mai takan riƙa ƙiftawa a sulo idan injin ya ɗau zafi. Wani ya ce in nemi famfon mai mai ƙarfi, wani kuma ya ce a cusa washa biyu bayan sifirin ɗin famfon don geji ya haura 80, wai yawan matsi shi ne lafiyar inji. Ni dai tsorona kada in zuba kuɗi injin ya buga. Matsi nawa ya kamata in nema, kuma wane famfo zan sa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makoma. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: lambar da ya kamata allurar geji ta nuna maka, da kuma ko famfo ne zai ba ka wannan lambar. Bari in fara ba ka amsar kafin bayani. Ka sa famfo irin wanda injin ya zo da shi, mai lafiya, da sifirin ɗinsa yadda kamfani ya yi shi. Washa kuwa ka bar wa mai shawarar kayansa. Kuɗinka da hankalinka ka kai su wurin awon karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu, domin can ne danjar nan ta samo asali tun farko.

Samfurin motar taka ya fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, kuma ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Yawancin masu fetur da suka cika hanyoyinmu a da injin XN1 gare su, mai cc 1971, wasu kuma mai cc 1796, duka silinda huɗu, kamshaf na cikin bulok yana tura bawul da sanduna. Inji ne mai haƙuri, ba na tsere ba. Ƙarfinsa yana tiƙewa ne wajen zagaye 5,000 da ɗoriya a minti, kuma a tafiyar yau da kullum tsakanin 2,500 da 3,500 yake zaune. Da wannan famfon nasa na gida ya yi shekaru yana jigila daga Kano zuwa Legas, da fasinja maƙil da kaya a but, cikin zafin bazara. Saboda haka duk wanda ya ce maka famfon ya yi wa injin kaɗan, ka tambaye shi yaushe ya fara yi masa kaɗan.

Abin da famfo ke yi da abin da ba ya yi

Famfon mai turo mai yake yi, shi ke nan aikinsa. Haƙoran giya biyu ne suke juyawa a cikin gida, kowane zagaye suna ɗebo wani adadi daga botom filet su tura sama. Matsin da muke kira furesha a gareji yana samuwa ne saboda man ya tarar da ƙuntatacciyar hanya a gabansa. Duk wanda ya taɓa riƙe tiyon injin ban-ruwa a fadama ya san wannan: sa babban yatsa a bakin tiyo, ruwa ya yi tsiri ya yi nisa, ɗauke yatsa, ya zubo a gindinka. Injin bai canja ba, ƙofar ce ta canja. A cikin mota, yatsan shi ne 'yar ratar da ke tsakanin karanshaf da metal, da mazaunin kamshaf, da sandar roka a saman tofsilinda. In waɗannan sun buɗe, mai ya sami hanyar gudu, allura ta faɗi, ko da famfon jiya aka ɓare shi daga kwali.

Ratar nan kuma ba ta wasa. Yoyon da ke bi ta ƙuntataccen wuri yana ƙaruwa ne kusan da ninkin ratar sau uku a kanta, wato in rata ta ninka biyu, man da zai tsere zai iya kai wa kusan ninki takwas. Shi ya sa abin da ido ba ya gani, kaurin gashin kai, yake iya kunna danja.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba matsin famfo ne ke ɗauke da karanshaf ba. Yayin da karanshaf ke juyawa, shi da kansa yake jan mai ya cusa shi a ƙarƙashinsa, ya hau kai yana shawagi, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Matsin da ke cikin wannan siririn man yana kai dubban psi (ma'aunin matsi ne, irin na jikin geji) lokacin da fistin ya sauko da ƙarfi. Psi 50 na famfo ba zai iya riƙe wannan nauyin ba, psi 90 ma haka. Abin da ake nema a wurin famfo shi ne kada mai ya yanke a bakin metal, kuma ya riƙa wucewa yana kwashe zafi. Da zarar an kai wannan, ƙarin da aka yi bai ƙara wa metal komai ba.

Dalilin da ya sa buƙatar ke hawa da gudun inji kuwa, man da zai je metal ɗin konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, sai ya bi ta ramin da aka huda a cikin karanshaf, kuma da farko sai ya kutsa zuwa tsakiya alhali juyin ƙarfen yana watso shi waje. Gwargwadon saurin juyi, gwargwadon turin da yake buƙata.

Lambobin da nake aiki da su

Akwai tsohuwar ƙa'ida da kanikawan Amurka suka yaɗa, ana danganta ta da Smokey Yunick, bakaniken motocin tsere na Daytona: psi 10 ga kowane zagaye 1,000, da mai mai zafi. Ƙa'idar hannu ce, ba wahayi ba, amma tana da rangwame a cikinta, kuma a kan inji irin naka ba ta taɓa kunyata ni ba. In ka lissafa, injin da ba ya wuce zagaye 5,000 da kaɗan, psi 50 zuwa 55 ya ishe shi a ƙololuwa. To ina 80 ta shigo?

Abin da nake son gani a tsohon injin fetur da aka gyara, bayan ya yi tafiyar rabin awa a titi, shi ne psi 15 zuwa 25 a sulo, sannan psi 40 zuwa 55 a zagaye 3,000. In gejinka bar yake nunawa, bar 1 daidai yake da psi 14.5, wato kana neman bar 1 zuwa 1.7 a sulo, da wajen bar 3 zuwa 4 a tafiya. Da safe, mai na da sanyi, allura takan hau 60 ko 70 ta tsaya cak, wannan bawul ɗin famfo ne ya buɗe, kuma daidai ne. Abin da ya fi lamba muhimmanci a wurina shi ne halin allurar: ka taka totur ta tashi nan take, ka saki ta sauko a hankali, ba rawa, ba nutsewa a kwana.

Ka kula da "bayan rabin awa". Gejin lagireto zafin ruwa yake nunawa, ruwa kuma yana riga mai ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Awon da aka yi a gareji minti biyar bayan an tada inji yaudarar kai ne. Danja kuma ba geji ba ce. Suwic ɗinta a yawancin tsofaffin motoci ba ya kunna fitila sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen psi 5 zuwa 10. Suwic ɗin ma yakan mutu ya riƙa yin ƙarya ta kowane ɓangare. Ka kwance shi, ka ɗaura geji mai tiyo a gurbinsa, ka ga gaskiya da idonka.

Maganar washa

Bawul ɗin da ke cikin famfo ƙofar tsira ce. Sifirin yana danne da shi, sai matsi ya kai wani mataki sannan ya buɗe ya mayar da rarar mai ƙasa. Wato sifirin rufin sama kawai yake tsayarwa. A sulo, da mai mai zafi, matsin bai ko kusanci wannan matakin ba, ƙofar a rufe take ruf. Ka sa washa biyu, ka sa goma, ƙofar da ke rufe ba za ta ƙara rufuwa ba. Ciwon motarka a sulo yake, maganin da aka rubuta maka kuwa na sama ne.

Wani direban haya ya taɓa kawo mini wagon 504 da aka gyara wa inji a wani gareji bai fi wata biyu ba. Ya ce da asuba lafiya lau, amma in ya iso tasha da rana danja sai ta yi ta ƙifta masa ido. Na ɗaura geji da safe, allura ta wuce 90 har na ja da baya. Muka zaga gari muka dawo, a sulo tana lilo tsakanin 6 da 8. Da muka sauke botom filet, washa biyu na tarar bayan sifirin, rariyar famfo kuma rabinta a toshe da guntayen gam ɗin silikon da aka lafta wa gaskit. Na kwance kaf ɗin metal na tsakiya, na shimfiɗa zaren roba na awon rata da ake kira Plastigauge a kan karanshaf, na ɗaure da tok rench, na sake kwancewa. Zaren da ya kamata ya baje kamar an taka shi, da ƙyar ya ɗan faɗaɗa: milimita 0.11, kusan ninki biyu na abin da nake nema. Da muka bi sawu, ashe an goge karanshaf da awo ɗaya, an sayo metal na wani awo dabam. Famfon nan babu abin da ya same shi, shi muka wanke muka mayar.

Kuma yawan matsin ba kyauta yake zuwa ba. A injinka, giya ɗaya ce daga kamshaf take juya famfon mai da dilko. Duk ƙarin nauyin da ka ɗora wa famfo, haƙoran wannan giyar ne ke ɗauka, in sun cinye kuma taimin ya fara yawo, ka yi ta zargin kafireto. Da sanyin hunturu, a Jos ko Zariya, mai mai kauri da sifirin da aka ƙulle suna iya kumbura filta ko su fitar da robar bakinta, lita huɗun nan su ƙare a ƙasa kafin ka fita layinku. Ban da haka, man da ake ta matsawa ana mayarwa ta bawul zafi yake ƙara ɗauka, ga ɗan ƙarfin inji da ke tafiya a banza.

Famfon "mai ƙarfi" kuma fa

Wannan magana daga duniyar injunan V8 masu silinda takwas na Amurka ta taso, musamman ƙaramin bulok na Chevrolet da ya fito a 1955. A can kamfanin Melling yana da famfo M55 na yau da kullum, da M55HV mai dogayen haƙora wanda ke turo ƙarin mai kamar kashi 25 cikin 100. Ka lura abu biyu ne mabambanta: mai yawan turi, haƙoransa ne suka fi tsawo, mai yawan matsi, sifirin ɗinsa ne ya fi tauri. Na farkon yana da muhallinsa. Wanda ya haɗa injin tsere ya buɗe rata da gangan, ko ya ƙara kular sanyaya mai da dogayen tiyo, ko injin zai riƙa zagaye 7,000, shi yana buƙatar ƙarin turi. Ko a can ɗin, masu haɗa injin hawa na titi da rata irin ta kamfani da yawa famfon gida suke mayarwa.

Zan yi adalci: famfo mai yawan turi yana iya ɗaga allura a sulo a injin da ya gaji, saɓanin washa. Amma rufa-rufa ce, irin ta wanda ba shi da halin sauke inji. Kai kuwa injinka yana ƙasa a wargaje, damar gyara ainihin ciwon tana hannunka. Kuma a kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa, abin da za ka tarar na 504 shi ne sabo irin na gida, da na hannu, da jabu. In mai shago ya ce maka "wannan mai ƙarfi ne", ka ɗora shi kusa da tsohon naka ka gwada tsawon haƙora da ido. Sau da yawa orijina na hannu da aka auna ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Inda za ka sa ido

Ka fara sayen metal, sannan ka kai wa tana karanshaf tare da shi, ya goge daidai da abin da ke hannunsa. Abin da muke kira 010 milimita 0.25 ne, amma akwai metal mai lamba 0.30, kuma bambancin 0.05 ɗin nan shi ne kusan dukan ratar da ake nema. In aka goge 0.30 aka sa metal 0.25, ka koma labarin direban can. Ƙa'idar hannu ita ce rata ta zama kashi ɗaya cikin dubu na kaurin wurin, wato wuri mai milimita 50 yana son wajen 0.05. In karanshaf ya dawo, kada ka ɗauki maganar baki. A auna kowane mazauni da maikiromita ta fuska biyu don a ga ko ya yi ƙwai, sannan a gwada da Plastigauge ɗaya bayan ɗaya, a bushe, ba tare da an juya karanshaf ba. Ka rubuta lambobin a takarda ka ajiye.

Wanki yana biye. Karanshaf ɗin tsofaffin Fijo yana da toshe a jikin mazaunin konrod, bayansa kuma wani ɗan ɗaki ne da dattin shekaru ke taruwa ya daskare kamar kwalta. Ka duba naka, in akwai a kwance a ƙwaƙule, a bi ramukan da buroshi da iska. In aka bar shi, ga kuma ƙurar gugar tana, sabon metal ne zai sha su a makon farko. Hanyoyin mai na cikin bulok ma haka, kuma a tabbata duk toshen da aka cire an mayar, domin guda ɗaya da aka manta ya isa ya zubar da matsin duka. A duba mazaunin kamshaf, a zare roka a shafa ƙasan sandarsu da farce. In farce ya maƙale a rami, nan ma ƙofar yoyo ce.

Shi kansa famfon, ko sabo ne, a buɗe shi. A gitta rula ta ƙarfe a bakin gidan, a zura fila geji tsakaninta da kan haƙoran. In ya wuce wajen milimita 0.10, mai mai zafi zai riƙa zagayawa ta kan haƙora ya koma baya, kuma a sulo abin zai fi nunawa. Murfi in ya yi zane mai zurfi a goge shi a kan gilashi da sanfefa mai laushi. Bawul ya riƙa zamewa a raminsa ba tare da ya cije ba. Ɗan tsakuwa a bakinsa yana hana shi rufewa, ya ba ka ƙarancin matsi a sulo wanda zai yi kama da na metal. Sifirin da ya gaji ya gajarce a sauya shi da sabo irinsa, nan ne kawai sifirin ya shigo maganar. Sai rariya: ta zauna kamar milimita 6 zuwa 10 daga ƙasan botom filet. Ina manna ɗan curin yumɓu a ƙasanta, in ɗora botom filet in cire, in auna kaurin da ya rage. Motocinmu sun sha duwatsu, botom filet da ya lotsa ciki yana iya shaƙe rariya, a buga shi ya koma daidai. Gam kuwa shafawa ake yi, ba laftawa ba.

Baƙin mai shi ne ƙarshen lissafin. Da rata irin ta kamfani da zafin ƙasarmu, 20W-50 nake sawa, 15W-40 mai kyau ma yana yi. SAE 40 zalla da aka saba da shi yana da kauri da safe, lokacin da aka fi son mai ya ruga sama da sauri. Ruwan zumar nan na gwangwani da ake ƙarawa don allura ta tashi, sabon inji ba ya buƙatarsa. Ka kuma riƙa shinshina sandar awon mai: kafireto mai ambaliya ko famfon fetur da fatarsa ta huje suna tsinka mai, matsi ya sauka ba laifin kowa a ƙasa. Mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne, a injin mai silib irin naka kuma gindin silib da gaskit ɗin tofsilinda ake fara tuhuma.

Ranar tayarwa, a jiƙa haƙoran famfo da mai kafin a rufe, a cika filta, a cire fulogi duka huɗu, a yi ta kik a gajejjere har allurar geji ta motsa. Sai a mayar da fulogi a tayar. In ƙidaya biyar ta wuce allura ba ta tashi ba, a kashe, kada a ce bari a ga. In kamshaf ko tafet sababbi ne, a riƙe injin a zagaye 2,000 zuwa 2,500 na minti 20, kada a bar shi a sulo.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nan ke nan, tunda ban riƙe karanshaf ɗinka a hannu ba, kuma lambobin da na ba ka na aikin hannu ne da suka dace da tsofaffin injunan fetur gaba ɗaya. In ka sami littafin gyara na shekarar motarka, ka duba lambar injin a jikin bulok, abin da littafin ya ce game da rata da matsi da tok shi ne gaba da nawa. Bayan an gama, in ka ga sulo mai zafi ya yi ƙasa amma a 3,000 lafiya, rata ko kan haƙoran famfo za a koma wa. In sulo lafiya amma sama ya tsaya a 30 ya ƙi gaba, sifirin ko bawul ne. In kuma allura tana hawa sannan ta nutse da ka ƙara wuta, famfo ne ke shaƙar iska ko rariya ta toshe, kuma wannan motar kada ta hau titi sai an sauke botom filet. Ka turo mini lambobin Plastigauge na mazauni biyar da konrod huɗu kafin a rufe injin, mu duba tare.